Ba Gadon Gidanmu Ba Ne

Kano,
Talata, cikin watan Agusta.

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Amira da duk mutanen gida. Ya ruwa? Kolo direba ya ce kogi ya fara shiga gonakin wajen Baturiya. Allah ya sa ya tsaya iya nan.

Gwaggo, na rubuto ne maimakon in kira ki, don tabarmata tana dab da gadon Baba, kuma kin san ƙanenki. Ciwo ya cinye masa nama amma bai taɓa masa kunne ba. Abin da zan gaya miki ban gaya masa duka ba.

Kin tuna 'yar tsokar da aka yanko daga mafitsararsa aka aika wani ɗakin bincike? Sakamakon ya dawo. Dokta Abdulfattah, wanda ke duba shi, ya zaunar da ni a ofishinsa ya yi mini bayani da Hausa, don na ce masa Turancin asibiti ya fi ƙarfin karatuna. Ya ce kowace tsoka a jikin mutum tana da wasu ƙwayoyin gado a cikinta, su ne masu ba ta umarni. Wasu suna cewa girma, wasu suna cewa tsaya haka. A cikin ƙarin da ke mafitsarar Baba, masu cewa tsaya sun yi barci, masu cewa bazu kuwa idonsu biyu. Da duba waɗanda suka farka da waɗanda suka yi barci ake gane irin dajin. Akwai mai nawa, wanda zai zauna a fatar ciki shekaru, a kankare shi, in ya dawo a sake kankarewa. Akwai kuma mai gaggawa, wanda ke huda bangon mafitsara ya bi jini. Na Baba mai gaggawar ne, Gwaggo. Hoton da aka ɗauka makon jiya ma ya nuna ya kai ƙashin ƙugunsa, shi ya sa yake wannan nishin in zai juya. Maganar tiyata ta wuce.

Na tambayi likitan saura nawa. Ya ce shi ba ya ƙidaya wa mutum kwana, wannan na Allah ne, gwajin kuma ba sanin gaibu ba ne. Amma ya ce in akwai abin da Baba yake son gani, kada mu jira girbin shinkafa. Na fito na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma na ce wa Baba an canza masa magani.

Abu ɗaya yake nema, a mayar da shi gida. Ya ce ya gaji da inda ake kiransa "mai gadon ƙarshe". Yana son ɗakinsa na gidan Kaka Malam Adamu, wanda in an buɗe ƙofa ake jin ƙamshin bandar kifinki. Likita ya yarda, zai haɗa mu da allurar rage zafi, ni kuma na koyi sauya robar fitsarin. Don Allah a share ɗakin, a duba kusurwar da ke yoyo. Yana ta lissafin bikin Amira, wai ko a kujera aka ɗauko shi zai ga an kai ta Kafin Hausa.

Ki gaishe mini da amarya, ki ce ta daina cin tuwo da yawa, ɗinkin ba zai shige ta ba.

Taki 'yar,
Kamila Sa'idu Adamu

*

Haɗeja,
Lahadi.

Kamila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in wannan da muke ciki sunansa lafiya. Ki yi wa mai jiki sannu.

Ke da bokonki kun so ku kashe ni. Wa ya aike ki ki rubuta kalmar gado a takarda? Gilashina ya fashe tun watan jiya, sai na miƙa wa Ummussalma ta gidan kusa ta karanta mini. Ta karanta tana share hawaye, ni ina cewa mutuniyar kirki. Ashe ƙanwarta tana aure a Kafin Hausa, katanga ɗaya da gidan su Zainulabideen, angon Amira. Kafin ranar kasuwa magana ta riga ta je ta dawo.

Shekaranjiya sai ga Alhaji Zarami, baffan ango, da mutum biyu. Suka zauna a zaure. Na aika da ruwa, ba wanda ya taɓa kofi. Ya ce, "Hajiya, mun yi binciken asali kafin mu kawo goro. Aka ce mana babu kuturu a gidan Malam Adamu, babu mahaukaci, babu mai farfaɗiya. Yara sun yi gwajin sikila, mun gode Allah. Yanzu kuma mun ji likita da bakinsa ya ce akwai daji na gado a jininku. Mu ba ma zuba jika a cikin ciwo muna gani." Ya ce sun zo a ɗage ranar. Kin san abin da ɗage rana take nufi a bakin manya.

Amira tana bayan ƙofa tana ji. Sau biyu ana sa mata rana ana fasawa, ke shaida ce. Ƙawayenta duk suna da 'ya'ya a firamare. Ina jin numfashinta ta cikin labule, sai bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Alhaji, ciwon gado ne, ba mu musa ba. Amma ba gadon gidanmu ba ne. Sa'idu agola ne." Na ce bayan rasuwar uwata, da Baba Malam Adamu ya auro Umma daga garin Malam Madori, bazawara ce, a goye ta zo da shi daga gidan mijinta na fari. Na ce Baba ya riƙe shi kamar nasa, ya ba shi sunansa, ya hana a faɗa.

Ya tambayi wa zai shaida. Na ce ya je maƙabarta ya tambaya, ni ce babba a waɗanda suka rage. Sai ya ɗauki kofin ya sha ruwan.

To kin ji. Rana tana nan, bayan saukar ruwa. Saboda haka maganar dawowa ku ajiye ta tukuna. Ba zan ce wa mutane agola ne ba, sannan su shigo su same shi kwance a ɗakin Baba kamar magaji, 'yan dubiya suna shiga suna fita, kowa da tambayarsa. Ɗakin ma ba wuri, na jera kayan ɗakin Amira a ciki, gado da katifa da kwanuka. Can ma ai ya fi samun kulawa, ga likitoci ga allura.

Na ba Kolo bandar tarwaɗa, ki yi masa farfesu in yana iya sha. Kada ki kira ni a waya kan wannan maganar, gidan cike yake da kunnuwa.

Gwaggonki,
Binta

*

Kano,
Laraba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki don Baba ya koya mini gaishe da na gaba, ba don hannuna yana so ba.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin famfo, sai da wata mata ta riƙe ni. Agola? Ke da kika goya shi har bayanki ya yi kanta? Ba ke kike ba mu labarin ranar sunansa ba, da ragon ya tsinke ya faɗa kogi, Kaka ya bi shi da babbar riga? Ki dubi wushiryar Baba ki dubi taki a madubi. Wallahi na ji kunya a madadinki, kuma na ji tsoronki, abin da ban taɓa ji ba tun ranar da Innata ta rasu kika ɗauke ni kika kwantar da ni kusa da Amira.

Na koma wurin Dokta Abdulfattah na gaya masa abin da kalmarsa ta jawo. Ya dafe kai. Ya ce sunan ne kawai aka fassara haka, don da waɗannan ƙwayoyin ne ɗa ke ɗauko kamannin uba. Amma lalacewar da suka gani a na Baba ba daga uwa ko uba ya karɓo ta ba. A cikin ƙarin kaɗai take, kuma a can ta faru, a hankali, cikin shekaru. Ya ce da za a yanki tsokar hannunsa a duba, ba za a same ta ba. Babu abin da Baba ya gadar mini, babu abin da ya haɗa ciwon da mahaifar Amira.

Kin san abin da ya fi zargi? Tsargiya. Ya tambaye ni ko Baba ya yi fitsarin jini yana yaro. Na tambayi Baba, ya yi dariya, ya ce wane namiji ne a bakin kogin Haɗeja bai yi ba? Ya ce ranar da ya fara gani ya ruga gida da kuka, manya suka yi masa shewa, wai ya zama namiji. Likita ya ce tsutsar tana fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ruwan kwance, irin na cikin ciyawar kachala, ta shiga ta fata. Ƙwanta yana maƙalewa a bangon mafitsara yana yi mata rauni, ta warke, ya sake yi mata, har wata rana tsokar ta rikice. Baba kuwa tun yana ɗan ƙarami yake tsaye a ruwa, in ba kamun kifi ba, dashen shinkafa. Kifin da kike bandawa kina sayarwa, daga wannan ruwan ya riƙa kawo miki shi.

Ga mafita, Gwaggo. Likitan ya ce a ba shi lambar Alhaji Zarami, shi da kansa zai kira ya yi masa bayani da Hausa, in yana so ma ya zo ofis ya gani da idonsa. Babu ciwon gado, babu dalilin ɗage rana. Ke kuma ki janye abin da kika faɗa, ki ce ruɗewa ce. Auren Amira ya tsira, Baba ya dawo gidan ubansa.

Ban gaya masa komai ba. Kullum da safe in na goge masa fuska sai ya ce, "Yaya ta share ɗakin?" Ina ce masa ruwa ne ya yanke hanya. Jiya ƙafarsa ta dama ta kumbura har ba ta shiga wando, abinci kuma sai kunu cokali kaɗan. Farfesun bandarki ya shaƙi ƙamshinsa kawai, ya ce hannun Yaya ne wannan.

Kuma ki gaya mini, in shi agola ne, ni mece ce a gidan nan?

Ina jiran amsa a motar Kolo ta gaba. Allah ya huci zuciyarki, ya huci tawa.

Kamila

*

Haɗeja,
Asabar.

Kamila,

Salamu alaikum. Na samu takardarki, wannan karon da sabon gilashi na karanta, ni kaɗai. Rashin kunyar da ke ciki na yafe, kina cikin tashin hankali.

Na yarda da likitanku. Tun kafin ki rubuto ma zuciyata ta ba ni ruwa ne, don na ga masunta da yawa sun tafi ta wannan hanyar, da can dai sammu muke cewa. Amma yardata ba ta gyara komai, kuma ke yarinya ce shi ya sa ba ki gani ba.

A ce likita ya kira Alhaji Zarami. A ce ya gamsu. Tambayar da zai yi ta gaba ita ce, to me ya sa Hajiya Binta ta dubi idona a zauren ubanta ta ce ƙanenta agola ne? Ya riga ya kai maganar Kafin Hausa, ya faɗa a gaban dattawansu. In na janye, na mayar da shi mutumin banza a gaban danginsa. Ciwo tsoratar da su ya yi. Ƙarya kuwa raina mu za su yi, kuma ba a ɗaukar 'yar wadda aka raina. Da kin yi wannan bayanin a takardar farko da ba mu zo nan ba. Ke kika rubuta gado, ba ni ba.

Yanzu bari in yi miki magana irin ta manya, ki ji zafinta ki haɗiye. Ba ni na yanke wa Sa'idu kwana ba. Gwajinku ne ya ce ba zai ga girbi ba, ke kika gaya mini. Da irin mai nawa ne, da na san zai zauna shekaru yana yawo a gari da wannan sunan, wallahi da na sake tunani. Amma mutumin da ya rage masa 'yan makonni, me zai yi da sunan uba? A can inda za shi an san ɗan wane ne, ba sai na shaida ba. Amira kuwa rayuwa ce a gabanta. Na auna, na ɗauki 'yata. Ke ma in kin haifa za ki auna.

Abin da ya sa na yi saurin rubutowa, Alhaji Zarami zai shigo Kano cikin makon nan kan harkar shanunsa, ya ce zai biya asibiti ya yi dubiya. Ba dubiya ce za ta kai shi ba, so yake ya ji daga bakin mai ita. Ki zaunar da ubanki ki gaya masa abin da na faɗa, ki ce Yaya tana roƙonsa kada ya kunyata ta. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana rarrafe. In kuma kin ƙi, ina da bakin da zai isar.

Ki bar likita ya yi aikinsa na allura, kada ya shiga auren mutane.

Allah ya ba shi sauƙi.

Binta

*

Kano,
Juma'a.

Zuwa ga Yayata Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa. Ya gida, ya hidimar biki? Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi. Kamila ba za ta rubuta mini wannan ba, ban ma tambaye ta ba.

Kolo ya isar da saƙonki lokacin da ta tafi layin karɓar magani. Bawan Allah, yana faɗa yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifin. Kada ki ƙara ɗora masa irin wannan, direba ne.

Da farko ban gane ba, sai da ya maimaita. Na kwanta ina kallon silin. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ya fi ciwon ƙugun zafi. Na tuna Umma. Matar nan ba ta taɓa ɗaga miki murya ba.

Alhaji Zarami ya zo jiya da lemo da ayaba. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana addu'a. Sannan ya matso da kujera ya ce, "Malam Sa'idu, ka gafarce ni, kana kwance ina tambaya. Amma aure ba wasa ba ne. Abin da Hajiya ta faɗa mana haka yake?" Na ce, "Yaya ce babba, ni ban san ranar da aka haife ni ba sai abin da aka gaya mini." Bai gamsu ba. Ya ce, "Wato Malam Adamu riƙon ka ya yi?" Na ce, "Ya riƙe ni." Wannan dai ba ƙarya ba ce, ya riƙe ni, har cikin kwalekwale. Amma na san abin da ya ji, kuma na bar shi ya tafi da shi. Allah ya yafe mini, ya yafe miki.

Kamila ta shigo daidai lokacin. Fulas ɗin da ke hannunta ya faɗi. Na riƙe mata ido har ya fita. Tun jiya sannu kawai take ce mini.

Maganar gwajin kuma na sani tuntuni, kada ku wahalar da kanku da ɓoyo. Na ji likita yana gaya wa ɗalibansa a ƙafar gadona, sun ɗauka barci nake. Abubuwan da suka farka a cikina ba su da niyyar komawa barci. Ina jin su ma, yanzu sun hau baya.

To na yi abin da kika ce. Yanzu ni ma ina roƙo. Ki bar ni in zo. Ba sai ɗakina ba, a bar kayan amarya inda suke. Rumfar bayan gida inda kike banda ta ishe ni, a sa mini tabarma da labule. Ba zan fito ranar biki ba, ba zan yi tari da ƙarfi ba. Agola ma ai a gidan yake kwana. So nake in ji kiran sallar masallacin unguwarmu, in Allah ya karɓi abinsa kuma a kai ni kusa da Baba. Motar Kolo tana da wuri a baya, na tambaye shi.

Sai Kamila. Abin da na faɗa ni na faɗa, kada ya taɓa ta. Ba ta da kowa sai ke.

Ki shafa mini kan Amira, ki ce Kawu ya sa albarka.

Ƙanenki,
Sa'idu

*

Haɗeja,
Litinin, cikin watan Oktoba.

Kamila,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Sa'idu, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba ki haƙuri.

Na ga kiranki ranar Asabar, na ga ya yi yawa, na gane. Amma muna tsakiyar wunin biki, gida cike da mutanen Kafin Hausa, ba yadda zan ɗaga. Ban gaya wa kowa ba sai da aka kai amarya ɗakinta. Amira ma sai jiya ta ji. Na aika masa tun wancan makon cewa ya ƙara haƙuri a gama biki, sai in turo mota. Allah bai nufa ba.

Kin kyauta da kika bari aka binne shi a can Kano, ƙasar Allah duk ɗaya ce. Sadakar bakwai ma ki yi ta can. In aka yi zaman makoki a gidan nan surukai za su zo gaisuwa, kuma ban san me wani tsoho zai faɗa a zaure ba.

In kin gama, ki fara sauka wurin dangin Innarki, sai ƙura ta lafa. Kayanki na haɗa su, Kolo zai kai miki duk inda kika ce. In mun haɗu a taro gaban mutanen gidan Amira, ki ce mini Hajiya kamar kowa.

Ga alkaki da nakiya na biki a leda, ki raba wa waɗanda suka taya ki wanka da sutura.

Wassalam.

Hajiya Binta Adamu